Yanar Ido da Hawan Jinin Ido: Idan Suka Haɗu a Ido Ɗaya

Jawabin da aka gabatar a taron masu aikin lafiya na sa-kai tare da wakilan ikkilisiyoyin ƙauyuka. Mun buga shi a nan domin waɗanda ba su sami zuwa ba. Ana iya karanta wa jama'a bayan sujada.

  Mun san waɗansu sun bar aikin gona, waɗansu kuma sun taso da ƙafa tun da asuba. Muna roƙo ku ba mu hankalinku, gama maganar yau ta shafi kowane gida da yake da tsoho ko tsohuwa.

Mu ba likitoci ba ne. Aikinmu shi ne mu rubuta sunayen masu ciwon ido, mu nemi mota, mu raka su asibiti, mu kuma dawo da su gida. Abin da za mu faɗa muku mun koya ne daga bakin likitocin ido da nas-nas, da kuma wani kuskure da mu da kanmu muka yi. Bari mu fara da kuskuren.

Mutum biyu, mota ɗaya

Wata shekara bayan girbi mun ɗauki mutum biyu daga ƙauye ɗaya zuwa asibitin ido, wata mama da wani baba. Dukansu sun wuce shekara 65, dukansu jan su ake yi da sanda, kuma idan ka dubi idanunsu za ka ga tsakiyar ta yi fari. A cikin mota muka ce musu, "Ku kwantar da hankalinku, da idanunku za ku dawo gida."

Likita ya duba mama ya ce yanar ido ce kawai. Ya duba baba ya daɗe, sa'an nan ya ce nasa biyu ne, akwai yanar ido, akwai kuma hawan jinin ido wanda ya riga ya yi nisa. Aka yi wa mama aikin cire yanar. Aka yi wa baba aiki biyu a haɗe a rana ɗaya.

Mama ta dawo gida tana tsince acca, tana zura zare a allura. Baba kuwa ya dawo yana ganin ƙofar ɗakinsa, yana gane fuskar wanda ya tsaya daidai gabansa, yana cin tuwonsa ba tare da an kama masa hannu ba. Amma ba ya iya zuwa gona shi kaɗai. Sai magana ta bazu a ƙauyen cewa likita ya ɓata wa baba ido. Baba ya yi fushi, ya ƙi komawa asibiti a ranakun da aka sa masa, maganin ɗigawa ya ƙare ba a sake saye ba. Kafin shekara biyu, ɗan ganin da aka ceto masa ya tafi gaba ɗaya. Da muka koma ƙauyen domin rubuta sababbin sunaye, mutane kaɗan ne suka fito.

'Yan'uwa, likita bai ɓata wa baba ido ba. Laifin namu ne, domin mun yi alkawarin abin da ba ya hannunmu, kuma ba mu zauna mun bayyana wa baba da 'ya'yansa bambancin ciwon nasa da na mama ba. Wannan bayanin ne muka kawo muku yau.

Mene ne yanar ido?

A cikin kowane ido, bayan baƙin nan na tsakiya, akwai wani ɗan madubi garau wanda haske yake ratsawa. Yayin da mutum yake tsufa, madubin yakan dushe, kamar ƙwan fitila da hayaƙi ya rufe. Wutar tana nan tana ci, amma hasken ba ya wucewa. Wannan ita ce yanar ido. Tsufa ne ya fi kawo ta, amma ciwon sukari, da buguwa a ido, da waɗansu magunguna suna iya gaggauta ta.

Babu ganye ko maganin ɗigawa da yake wanke yanar ido. Aiki ne kaɗai maganinta. Likita yana cire madubin da ya dushe, ya sa na roba a madadinsa, wanda zai zauna a idon har ƙarshen rai. Wani likitan Ingila mai suna Harold Ridley ne ya fara sa irin wannan madubi a birnin Landan a shekarar 1949. Idan sauran sassan idon suna lafiya, gani yana dawowa.

Mene ne hawan jinin ido?

Sunan da likitoci suke kiransa shi ne gilakoma. Sunan da muka saba da shi yana ruɗar mutane, domin ba jini ne yake hawa a idon ba, kuma ba shi ne hawan jinin da ake aunawa a hannu ba. Mutum yana iya kasancewa ba shi da hawan jini ko kaɗan, amma yana da hawan jinin ido.

Ga yadda abin yake. A gaban ido akwai wani ruwa garau, dabam da hawaye, wanda idon yake yi dare da rana. Yadda yake shiga, haka ya kamata ya riƙa fita ta wata 'yar rariya da take kewaye da baƙin ido daga ciki. Kowa a nan ya san abin da yake faruwa da damina idan rariyar gida ta toshe: ruwa ya taru a tsakar gida, ya fara cin gindin katanga. Haka yake a ido. Idan ruwan bai fita yadda ya kamata ba, sai idon ya cika ya yi tauri, matsin ya riƙa danne jijiyar gani da take bayan ido, wadda take kai saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. A lafiyayyen ido, awon matsin yakan kasance tsakanin 10 da 21. Akwai kuma waɗanda jijiyarsu take lalacewa ko da awon bai wuce haka ba, shi ya sa likita ba ya tsayawa ga awo kaɗai, sai ya leƙa jijiyar kanta.

Jijiyar nan kamar igiyar rama take, an tufka ta da ƙananan zare fiye da miliyan ɗaya. Matsin yana tsinka zaren ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya tsinke ya tsinke ke nan. Har yau babu likita a duniya, ko a Ingila ko a Amurka, da yake iya mayar da shi.

Abin da ya sa ciwon yake da haɗari shi ne, irin wanda ya fi yawa a cikinmu ba ya zafi, ba ya sa ido ja. Yana fara cin gani daga gefe. Mutum yana ganin abin da yake gabansa sarai, amma yana tuntuɓe da kujera, yana karo da bakin ƙofa, akuya ta wuce ta gefensa bai gani ba. Kafin ya gane akwai damuwa, yawancin zaren sun tafi. Ciwon ya fi kama baƙar fata da wuri, ya fi kuma tsanani a gare mu, kuma yana bin jini. Wanda mahaifinsa, ko mahaifiyarsa, ko ɗan'uwansa yake da shi, haɗarinsa ya fi na sauran mutane.

Yaya girman matsalar take?

Tsakanin shekarar 2005 da 2007 an yi babban binciken makanta a duk faɗin Nijeriya. An duba idanun mutane fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. An tarar cewa kimanin mutum 4 cikin kowane 100 makafi ne. Cikin makafi 100, yanar ido ce ta makantar da kimanin 43, hawan jinin ido kuma kimanin 17. Su biyun ne a kan gaba. Binciken ya kuma nuna cewa mutum 5 cikin kowane 100 suna da hawan jinin ido, kuma fiye da 9 cikin 10 na masu ciwon ba su san suna da shi ba. Ɗaya cikin biyar kuwa ya riga ya makance.

Ku lissafta da ikkilisiyarku. Idan kuna da mutum 100 da suka kai shekara 40, wataƙila biyar daga cikinsu suna zaune da wannan ciwo, suna zuwa sujada kowace Lahadi, ba su sani ba. Tun da kuwa duka cututtukan biyu na masu shekaru ne, ba abin mamaki ba ne a same su tare a ido ɗaya. A nan ne babbar matsala take. Iyali suna ganin farin da yake a ido, sai su ce yana ce, a jira ta nuna. Suna jiran yanar, ɗayan ciwon kuwa yana aikinsa a ɓoye a bayanta.

Wannan maganar ta jira yana ta nuna ta zamanin da ce. Yau ana cire yanar ido da zarar ta fara hana mutum aikinsa. Yanar da aka bari ta wuce lokaci ma tana iya kumbura ta toshe hanyar ruwan, ta tayar da matsin ido farat ɗaya, da zafi mai tsanani, da ciwon kai, da amai. Wanda ya ga haka kada ya kwana a gida.

Hanyoyi uku da suke gaban likita

Idan likita ya sami cututtukan biyu a ido ɗaya, yana da zaɓi uku.

Na farko, ya cire yanar kaɗai. Yakan yi haka idan hawan jinin idon bai yi nisa ba kuma maganin ɗigawa yana riƙe shi. Cire yanar ma yakan ɗan saukar da matsin ido. A wani irin gilakoma inda madubin ne yake matse hanyar ruwan, cire shi yana iya zama babban maganin.

Na biyu, ya fara da aikin hawan jinin ido, ya bar yanar sai bayan watanni shida ko fiye. Yakan yi haka idan matsin ya hau ƙwarai, jijiyar tana cikin haɗari, yanar kuwa ba ta yi kauri ba.

Na uku, ya haɗa aikin biyu a zama ɗaya. Wannan shi ne abin da aka yi wa baba.

Yadda ake haɗa aikin

Yawanci ba a sa mutum barci. Ana yin allurar kashe zafi a gefen ido, mutum yana kwance a farke, yana jin maganar likita, amma ba ya jin zafi. Ba a ciro ido a ajiye a faranti kamar yadda ake faɗa a kasuwa. Ido yana nan a wurinsa daga farko har ƙarshe.

Likita yana cire yanar ta wani ɗan ƙaramin yanka, ko dai da hannu, ko kuma da na'urar da take farfasa ta ta zuƙe, ya sa madubin roba. Sa'an nan a saman farin ido, wurin da fatar ido ta sama take rufewa, yana buɗe wa ruwan sabuwar rariya. Yana barin 'yar ƙofa a kanta, ya ɗinke ta sako-sako domin ruwan ya riƙa tsatsowa a hankali, ya taru a ƙarƙashin siririyar fatar da take rufe farin ido, jiki ya shanye shi. Wani likita mai suna Cairns ne ya bayyana wannan aiki a Ingila a shekarar 1968, kuma har yau yana cikin ayyukan da suka fi saukar da matsin ido. Bayan aikin, idan aka ɗaga fatar ido ta sama, za a ga ɗan bororo. Ba ƙurji ba ne, alama ce cewa rariyar tana aiki. Kada kowa ya taɓa shi. Akwai kuma sababbin hanyoyi inda ake share tsohuwar rariyar daga ciki, ko a sa wani ɗan bututu ƙarami, amma ba kowane asibiti yake yin su ba, kuma sun fi dacewa da ciwon da bai yi nisa ba.

Me ya sa ake haɗawa?

Dalili na farko, mu mutanen ƙauye mun fi kowa saninsa. Tafiya ɗaya, kuɗin aiki sau ɗaya, jinya ɗaya. Iyalin da suka sayar da akuya ko buhun masara domin aiki na farko, sau da yawa ba sa iya tara na biyu. Likitoci sun san cewa da yawa daga waɗanda aka ce su dawo bayan wata shida ba sa dawowa.

Na biyu, aikin buɗe rariya shi kaɗai yakan gaggauta yanar ido. Idan kuma aka dawo daga baya domin cire yanar, aikin na biyu yana iya sa rariyar da aka buɗe ta toshe.

Na uku, bayan an cire yana, matsin ido yana iya hawa ƙwarai a kwanakin farko. Lafiyayyen ido zai jure. Amma idon da zare kaɗan ne suka rage masa yana iya rasa su a wannan hawan. Sabuwar rariyar tana rage wannan haɗari.

Na huɗu, maganin ɗigawa na hawan jinin ido ba a daina shi, kowace rana ne har ƙarshen rai. A ƙauye maganin yana da wuyar samu, yana da tsada, akwai na jabu, kuma tsofaffi suna mantawa. Idan aiki ya yi kyau, mutum yana iya rage maganin, wani ma ya daina, bisa ga umarnin likita.

Amma bari mu faɗi ɗaya gefen, gama ɓoye shi ne ya jawo mana abin da ya faru da baba. Aikin da aka haɗa ya fi cire yana kaɗai daɗewa kafin ya warke. Gani yana iya zama dishi-dishi har makonni. Komawa asibiti ta fi yawa. Wani lokaci matsin ba ya sauka kamar yadda zai sauka in da aikin rariya kaɗai aka yi. Kamar kowane aiki, akwai haɗarin zubar jini, da shigar ƙwayoyin cuta, da saukar matsin fiye da kima. A idon da ciwon ya kai ƙarshe, akwai ɗan haɗarin rasa abin da ya rage. Saboda haka likitan da ya duba idon ne zai auna ya zaɓa. Kada mu je asibiti muna cewa lalle sai irin aikin da aka yi wa maƙwabcinmu.

Aiki ɗaya yana dawo da gani, ɗayan yana tsaron abin da ya rage

Idan kun manta da duk abin da muka faɗa yau, kada ku manta da wannan. Cire yana yana dawo da ganin da yanar ta rufe. Buɗe rariya ba ya dawo da kome, tsare sauran jijiyar yake yi domin kada ta ƙarasa tsinkewa. Don haka yawan ganin da mutum zai samu bayan aiki ya dogara ga yawan jijiyar da ta rage a ranar da ya isa asibiti. Wanda ya zo da wuri zai sami gani mai kyau. Wanda ya zo a makare zai sami kaɗan. Wanda jijiyarsa ta mutu duka, ko an cire yanar ba zai gani ba.

Idan yanar ta yi kauri, likita ma ba ya iya hango jijiyar sosai kafin aiki. Zai haska tocila ya ga yadda baƙin idon yake motsi, ya tambayi ta wane gefe hasken yake zuwa, ya auna matsin, ya duba ɗayan idon. Daga nan zai yi kirdado. Idan ya ce ba zai yi alkawari ba, gaskiya yake faɗa, ba rashin gwaninta ba ne.

Kada kuma mu rena ɗan ganin da aka ceto. Tsohon da yake iya zuwa bayan gida da kansa, ya ci abinci da kansa, ya gane jikansa, yana da mutuncinsa. Jikar da za a cire daga makaranta domin ta riƙe masa sanda kuwa za ta ci gaba da karatunta.

Bayan aiki ne babban aikin yake farawa

Jiki bai san cewa da gangan aka buɗe rariyar ba. Yana ɗaukarta rauni ne, yana ƙoƙarin rufe ta da tabo. Jikin baƙar fata kuwa yana saurin yin tabo. Shi ya sa likitoci da yawa suke sa wani magani mai hana tabo a lokacin aikin, shi ya sa kuma makonni shida na farko suke da muhimmanci ƙwarai. A waɗannan ziyarce-ziyarce likita yana auna matsin, yana iya sassauta zaren ɗinki, ko ya yi wata 'yar allura, ko ya sake buɗe hanyar idan ta fara rufewa. Idan mutum bai je ba, rariyar tana iya toshewa shiru, ba zafi, ba alama. Abin da ya sami baba ke nan.

Ga abin da mai jinya da iyalinsa za su kiyaye:

1. A koma asibiti a kowace ranar da aka rubuta a kati, ko da idon ba ya ciwo.
2. Kada a murza ido, kada a danna shi. A sa marufin da aka bayar lokacin barci.
3. A guji ɗaukar kaya masu nauyi, da daka, da faskare, da noma a sunkuye, har sai likita ya ba da izini.
4. A nisanci ƙurar sussuka da shiƙa, da hayaƙin murhu. Kada ruwan rafi ko sabulu ya shiga idon.
5. Kada a sa tozali, ko ruwan ganye, ko nonon uwa, ko fitsari, ko wani magani da likita bai rubuta ba.
6. Idan idon ya yi ja ƙwarai, ko zafi ya ƙaru, ko ya fara kwantsa, ko gani ya ragu, a koma a ranar. Wannan doka tana nan ko bayan shekaru, domin ƙwayoyin cuta suna iya shiga ta wurin bororon.
7. A ci gaba da sa wa ɗayan idon maganinsa. Aikin da aka yi wa ido ɗaya bai warkar da ɗayan ba.

Wajen sa maganin ɗigawa, a wanke hannu da sabulu, a ja fatar ido ta ƙasa, a ɗiga ɗigo ɗaya ba tare da bakin kwalbar ya taɓa ido ba. A rufe idon, a danna kusurwar da take kusa da hanci kamar minti biyu. Idan magani iri biyu ne, a ba da minti biyar tsakaninsu. Mai ciwon asma ko ciwon zuciya ya gaya wa likita tun da fari, domin akwai maganin ɗigawa mai suna timolol da yake iya tayar musu da ciwo.

Abubuwa biyu da za mu guje musu

Na farko, masu yawo ƙauye-ƙauye suna kwantar da yana da allura ko tsinke. Ba sa cire yanar, tura ta suke yi ta faɗa cikin ido. Mutum yana iya ganin haske na ɗan lokaci, amma sau da yawa kumburi, da ƙwayoyin cuta, da hawan jinin ido suna biyo baya. A binciken nan na ƙasa, cikin idanun da aka taɓa saboda yana, fiye da 4 cikin 10 ta wannan hanya aka taɓa su, kuma yawancinsu sun kasance a makance. Idon da yake da hawan jinin ido tun da fari, wannan hanya ƙarasa shi take yi.

Na biyu, sayen maganin jan ido a kemis ko a wurin masu talla a kasuwa. Waɗansu daga cikin waɗannan magunguna suna kwantar da ƙaiƙayi da sauri, amma idan aka daɗe ana sa su, suna tayar da matsin ido, suna kuma kawo yana, har ga yara. Irinsu ne likita yake bayarwa bayan aiki, amma shi yana auna idon, yana kuma sanin ranar da za a daina.

Ina za a je?

A nemi asibitin da yake da likitan ido da kayan auna matsi da duba jijiya. Akwai Asibitin Ido na ECWA a Kano, wanda mishan ta SIM ta kafa a shekarar 1943. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Akwai sashen ido a asibitocin koyarwa kamar na Jos, da Zariya, da Bauchi, da Maiduguri. Idan masu aikin ido na kyauta suka zo yankinmu, mu je, amma mu tabbata an auna matsin, mu kuma tambayi inda za mu koma bayan sun tafi. Aikin hawan jinin ido ba na yi-ka-tafi ba ne.

Wanda aka gano ciwonsa da wuri ba lalle ne a yi masa yanka ba. Ban da maganin ɗigawa, akwai aikin hasken lesa da ake yi a zaune cikin 'yan mintoci. A wani bincike da aka yi a asibitin KCMC na garin Moshi a Tanzaniya, wanda aka buga a shekarar 2021, bayan shekara ɗaya lesa ta riƙe matsin a kimanin ido 6 cikin 10, timolol kuwa a kimanin 3 cikin 10. Ku tambaya ko asibitin da kuka je yana da ita.

Kafin a sa hannu a takardar aiki, ɗan rakiya ya yi wa likita waɗannan tambayoyi: Ciwo ɗaya ne ko biyu? Jijiyar ta rage da yawa ko kaɗan? Wane irin gani za mu sa rai? Sau nawa za mu dawo? Nawa ne kuɗin duka, har da magani da dawowa? Tambaya ba reni ba ce.

Abin da za mu iya yi tare

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Likita zai yi nasa cikin sa'a ɗaya ko biyu, sauran yana hannunmu.

Masu aikin sa-kai su riƙe littafi, su rubuta sunan duk wanda aka yi wa aiki da ranakun komawarsa, su tuna wa iyalin tun kwana biyu kafin ranar. Idan za a tara gudummawa, kada a tsaya ga kuɗin aiki, a haɗa da kuɗin motar komawa da na magani. Matasa su yi wa mai jinya gayya a gonarsa, domin kada tsoron rasa amfanin gona ya mayar da shi bakin garma kafin lokaci. Zumuntar mata ta ɗauke wa iyayenmu mata daka da ɗiban ruwa da girki na 'yan makonni. A kowane gida a sa mutum ɗaya wanda alhakin ɗiga magani yake wuyansa. Wannan taimako na kowa ne a ƙauyen, Kirista ko Musulmi ko mai bin gargajiya, gama ciwon ba ya tambayar addinin mutum.

Mafi girma duka, kowa da ya kai shekara 40 ya je a duba masa ido, ko ba ya jin kome. Wanda akwai ciwon a danginsa kada ya jira 40, kuma ya riƙa komawa kowace shekara. Ana iya jinkirta aikin yana kaɗai har bayan girbi idan likita ya yarda, amma hawan jinin ido ba ya jiran kaka.

Bayan baba ya rasa ganinsa, mun koma gidansa mun nemi gafara, mun yi wa 'ya'yansa bayanin da muka yi muku yau. Babban ɗansa ya yarda ya bi mu asibiti. Shekarunsa ba su kai 50 ba, idonsa garau, ba ya jin kome. Aka auna, aka tarar matsin ya hau, jijiyar ta fara taɓuwa. Yana kan magani, yana komawa a kan lokaci, yana noma gonar mahaifinsa. Shi ne yanzu yake riƙe littafin sunaye a ƙauyensu.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Su wane ne a ƙauyenmu suke jiran yana ta nuna? Wa zai ziyarce su a wannan mako?
2. Akwai gidan da mutum biyu ko fiye suka makance da tsufa? An duba idanun 'ya'yansu?
3. Me yake hana mutanenmu komawa asibiti bayan aiki, kuma wanne daga ciki za mu iya magancewa da kanmu?